Zayyanu, Wanda Ya Rufe Rijiyar Mahaifinsa

Duk wanda ke fita sallar asuba a unguwarsu a Kalgo ya san ƙarar kurar Malam Zayyanu Sambo. Da an sallame, zai tura ta cike da jarkoki daga famfon bakin kasuwa, ya juye ruwan a tankin da ke ƙofar gidansu, kusa da wata rijiya da aka lulluɓe bakinta da siminti. Sai ya yi wanka, ya ɗaure akwatin kwalabe a bayan babur, ya tafi aiki. A watan nan ya yi ritaya daga ɗakin gwaje-gwaje, amma kurar bai ajiye ta ba.

Aikinsa auna ruwa ne. Akwai duwatsun da ke ɗauke da yuraniyam, sinadarin da ake sarrafawa a tashar lantarki ta nukiliya, kuma yakan zurara cikin rijiya ba launi ba wari. Ƙasar da ke mafarkin irin wannan tasha dole ta fara sanin abin da ke cikin ruwanta. Don haka Zayyanu ya bi rijiyoyin Gwandu, Masama da Maruda, yana ɗiba yana aunawa. Mutane na yi masa ba'a: "Malam Nukiliya, a fara kawo muna wutar da za ta kwana tukuna!" Sai ya yi dariya ya miƙa guga.

Kusan dukkan rijiyoyin lafiya lau suka fito. Wadda ta ƙi fitowa lafiya ita ce rijiyar da marigayi Alhaji Sambo, mahaifinsa, ya haƙa sadaka mai gudana kafin rasuwarsa.

Ya sake aunawa. Ya aika ruwan zuwa wata cibiyar bincike a Zariya, amsa ta dawo iri ɗaya: wanda ya daɗe yana sha, ƙodarsa na cikin haɗari. Ba wanda ya sani sai shi, ba kuma wanda zai kwanta ciwo gobe ko jibi a nuna shi da yatsa.

Ya tara 'yan gida ya faɗa musu. Yayansa Bawa ya miƙe tsaye.

"Zayyanu, mi kaka faɗi? Wagga rijiya mun ka sha mun ka girma. Wa ya mutu?"

"Yaya, so kake sai an mutu?"

Gwaggo Kubura, ƙanwar marigayin, ba ta ɗaga murya ba. "Ɗana, kowane guga lada ne ke iske shi cikin kabari. Kai za ka yanke mishi?"

"Gwaggo, Baba ruwa ya yi niyyar shayarwa, ba ciwo ba. In lada ce, ni zan ɗauko mishi ita da ƙafata."

Ya sanar da mai unguwa, ya kwaɓa siminti da hannunsa ya rufe rijiyar, ya kafa tanki a gefe don unguwa ta riƙa ɗiba. Bawa ya daina cin tuwo tare da shi.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina, ni da ban yi boko mai nisa ba. Wane ne ɗa na gari, mai kare aikin ubansa ko mai kare niyyarsa? Na tambayi malamai a Gwandu, suka ce kawar da cuta shi ne gaba. Amma malaman ba su ne za su haɗa ido da Gwaggo Kubura kullum ba.

Ina jin masu sharhi a rediyo suna cewa ƙasashe irin namu ba za a ba su amanar nukiliya ba, mu dai mu haƙo ma'adini, wasu su kunna fitila. Namu ma na maimaitawa a majalisar shayi. Ban yarda ba. Injin tasha ana sayensa, ana koyon tuƙa shi. Abin tsoro shi ne ma'aikacin da zai ga awo ya nuna haɗari ya yi shiru don kunyar babba. Ku zo Kalgo ku ga wanda bai yi shiru ba, alhali babban nan ubansa ne.

Kai ne, Zayyanu, ka zaɓi fushin gida a kan ƙodar 'ya'yan maƙwabta. Kai ne mai kurar asuba, ɗan Sambo na gaskiya.

Da daminar bara gwiwa ta kayar da shi, ya kwanta. Unguwa ta ɗauka tanki zai bushe. Da gari ya waye sai aka ji ƙarar kura: Bawa ne ke tura ta, fuska a ɗaure. Wani ya ce, "Alhaji Bawa, an shirya ke nan?"

"Wa ya ce? Ladar Baba nika kaiwa."

Mun gode, Malam Zayyanu. Allah Ya ba gwiwa lafiya, Ya kai ladar inda ka nufa. Ku kuma matasan da ke karatun kimiyya a Kalgo, masu burin riƙe tashar da ba a gina ba tukuna, ku je ku tsaya a bakin simintin nan. Wata rana awo zai nuna muku abin da ba ku so, a wurin da kuke ƙauna. Ku faɗa.