Gawon da Aka Shafa wa Jan Fenti

Shekarun baya, ranar da aka kai ni sabuwar makaranta a bayan Mpape, abin da idona ya fara faɗa wa wata bishiya ce. Damina ta sauka, ko'ina kore shar, ita kaɗai ce tsirara a bayan ajinmu, ba ganye ko ɗaya, ga jan fenti an shafa mata a gindi. Na ji yara suna cewa ta mutu, shugaban makaranta ya ce a sare ta ranar Asabar kafin iska ta kayar da ita kan kwanon aji.

Ni kuwa na san ta. Gawo ne. Kafin mu dawo Abuja akwai irinsa a gonar kakana, kuma halinsa ke nan: da damina ya zubar da ganye, da rani ya yi sabo. Amma a lokacin ko sunana aka tambaye ni sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don haka na yi gum.

Malamar kimiyyarmu ce ta lura duk lokacin tara a gindinsa nake cin ƙosaina.

"Ke baƙuwa, kullum ke da bishiyar nan. 'Yar uwarki ce?"

Ina kallon takalmina na ce, "Bai mutu ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa har kanta ya zo daidai da nawa ta ce in sake faɗa. Da na gama gaya mata cewa gawo ne da irin halinsa, ta ciro makullin ofis ta kankare ɓawon kaɗan, sai ga ɗanyen itace yana sheƙi. Ta ce ta san gawo a littafi, amma yau ta fara ganinsa ido da ido.

Da ta kai wa shugaban makaranta maganar, ya ce shi rufin aji da kawunan yara yake jiye wa. Ta roƙe shi ya ba ta zuwa ƙarshen damina, aka datse reshen da ya leƙo kan kwano, sauran aka bari.

Daga nan darasinmu ya koma waje. Muka shuka masara a ƙarƙashin gawon, wata kuma can kusa da katanga. Ba ta gaya mana abin da zai faru ba, sai dai ta ce, "Ku duba, me kuka gani?" Ta gindin gawon ta fi duhun ganye, ta fi kauri, har ta wuce kan malamar. Da kanmu muka gano dalili: tsohon ganyensa ya zama taki, kuma da yake ba shi da inuwa, rana tana isa ga shuka.

Wani yaro ya tambayi wanda ya dasa shi. Malama ta kira wata Bafulatana da ke sayar da nono a bakin ƙofa. Matar ta yi dariya ta ce, "Wa zai dasa gawo? Shanu ne suka zo da shi a cikinsu. Suna cin 'ya'yansa, inda suka yi kashi nan yake fitowa."

Da ruwa ya ɗauke, wata safiya na hangi ƙananan ganye a rassansa. Na ruga ofishin malamai har na manta da sallama. A ranar shugaban ya zo ya tsaya a gindinsa, ya ce, "To, ashe barci yake yi."

Har yau in na ji ana maganar yadda mutum da halitta suke amfanar juna, malamar nan nake tunawa a durƙushe, tana sauraron yarinyar da muryarta ba ta kai ta sauro ba.

Da wata daminar ta zo, ganye ya zube, aka ba ajinmu shara. Na ajiye tsintsiya na je wurin shugaban da ƙafata.

"Ranka ya daɗe, don Allah a bar share gindin gawon nan. Ganyen ba datti ba ne, abincin masararmu ne."