Hannu a cikin gasara

Kakata Asibi mai koko ce a Nima, kuma ban taɓa ganin ta zauna ta yi mana tatsuniya hannunta babu aiki ba. Bayan magariba take tace gasarar gobe a bakin murhu, mu jikoki mun kewaye baho, hayaƙi na cin idonmu. Ita nata idon ya tafi tun kafin a haife ni. Da yatsa take gane gero ya jiƙu, da hanci take gane tsami ya kai.

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ta wata mata ce mai ƙetare kogi kullum zuwa kasuwa, ba takalmi. Tafin ƙafarta ya san kowane dutse, mai santsi da mai motsi, da inda yashi ke zurmawa. Ana nan sai ta samu wadata, ta sayi takalmin fata, ta ce ita ta wuce taka laka. Ranar da ta shiga ruwa da shi dutse ya motsa, ƙafa ba ta ji ba, kogi ya tafi da ita da kayanta.

Na tambaya me ya hana ta dubawa da ido. Kaka ta dungure min kai da jiƙaƙƙen hannu.

"Ke Ladi, wa ke ganin ƙasan ruwa? Sa hannu a bahon nan ki faɗa min ko ta yi."

Ni na gaji sana'ar. Sai da na haifi huɗu na shiga makarantar manya a Mamobi, kuma ba na raina abin da na samo a can. Amma 'yata Rabi ta sa na ga iyakar biro. Ta yi aure a Madina, tana son kafa nata teburin koko. Ta ce tunda yanzu na iya rubutu, in rubuta mata gero olonka nawa, wato gwangwanin awo, ruwa nawa, awa nawa. Kwana uku ina fama da takarda. Ta bi ta harafi-harafi. Ranar farko koko ya fito salam, washegari tsami ya yi masa yawa, masu saye suka koma wajen maƙwabciyarta. Ta hau trotro, motar haya, ta zo har gida, wai na ɓoye mata wani abu.

Me zan ɓoye wa 'yar da na haifa? Sabon gero ba ya jiƙa kamar tsoho, ranar zafi tsami gudu yake yi. Sai na murza nake sani. Ba ni da kalmarsa, malaminmu ma ba shi da ita.

"To Mma, ki sake rubutawa da kyau."

Na ce ta cire zobe da awarwaro, ta zo ta tsaya a bahona wata guda. Ta ce Madina da nisa. Har yau ba ta zo ba, ni kuma yatsuna sun fara sanƙarewa da safe.