Bokitin da Ya Fi Ƙarfin Shara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bokitan shara suka kusa raba ni da aikina ba. Lokacin ina sabuwar ɗauka a wata ƙungiyar tsaftar muhalli, aikin wucin gadi. Ni ke shiga gidajen Tudun Wada, tunda maza ba sa shiga, in ba kowace mata bokiti biyu: kore na ragowar abinci, shuɗi na leda da robobi. Manya ne, masu murfi, sai ƙyalli suke.

Ogana, Malam Sabo, ya ce, "Ranar da masu ba mu tallafi za su zo, in ban ga shara a bokitan layinki ba, ki nemi wani aikin."

Na koma zagaye. A gidan Inna Lami mai zoɓo na tarar da koren cike da ruwan sha, shuɗin kuma garin masara.

"Inna, na shara ne fa!"

"Ke 'yar nan, ko a kayan ɗakina ban samu irin wannan ba. Me shara ta yi mini da zan karrama ta haka?"

Duk layin haka suka yi. Haushi ya kama ni, na gasa ƙusa na bi gida-gida ina huhhuda gindin bokitan. To, a zuba ruwan mu gani!

Ranar zuwan baƙi, Malam Sabo na gaba yana ta zuba Turanci. Aka fito da bokitan ƙofar gidan Inna, ya ɗaga murfi, sai ga albasa fal.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Inna tana nuna ni. "Tunda kika huda shi albasata ta daina ruɓewa."

Oga ya harare ni. Na ce shi ke nan, aiki ya tafi.

Sai wata baƙuwa ta tambayi Inna inda take zubar da robobi.

"Zubarwa? Wankewa nake in ɗura zoɓo. Ɓawon dankali kuwa akuyata ta riga ku."

Baƙuwa ta hau tafi. Nan take Malam Sabo ya gyara hula. "Ai abin da muka koya musu ke nan."

Ba a kore ni ba. A hanyar komawa ma ya rage murya ya ce in huda masa guda ɗaya, Hajiyarsa ta sayi buhun albasa.

Don haka ku sababbin ma'aikata, kafin ku buɗe wa matan unguwa baki da wayar da kai, ku fara leƙa madafinsu. Mu dai bokiti kawai muka kai musu.