Duba-Sama, Mai Ƙirga Farantan Rufinmu

Kafin rana ta yi ƙarfi ya riga ya fice. Kujera ba ta san shi ba, ko shayi a tsaye yake sha, ƙafa ɗaya a kan fedar keke. Tsani a ɗaure a gefe, mitar awon wuta a aljihun gaba, wuya a miƙe sama kamar wanda tantabararsa ta tsere. Shi ya sa unguwa ta laƙaba masa Duba-Sama. Ya sha faɗawa lambatu da keken nan garin kallon rufin mutane, amma bai daddara ba.

Haɗa sola ne aikinsa, sai dai abin da ya fi ci masa rai shi ne kontirola, ƙaramin akwatin nan da ke tsakanin farantan rufi da batir, mai auna wutar da za ta shiga. Ba ya yarda da bakin kowa. Ka ce masa farantinka wat ɗari uku ne, sai ya ce to, ya jingina tsani, ya kwanta rub da ciki ya karanta abin da ke bayan farantin da idonsa. Ya tara wat ɗin duka, ya raba da volt ɗin batir, ya ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda ranakun da rana kan wuce gona da iri, sannan ya faɗi girman kontirolar da za a saya. Ka nemi ƙarama, sai ya naɗe wayarsa ya yi gaba. Na sha jin haushinsa, domin ko ya gama maka aiki ba ka rabu da shi ba, sai ya dawo ba gayyata ya taɓa akwatin da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin jinjiri.

Wannan nacin ne ya ceci Mama. Mahaifiyata tana da ciwon suga, allurarta kuma a firji take kwana. Idan zafi ya taɓa allurar, ta tashi aiki, samun wata kuwa sai an yi doguwar tafiya, kuma ba kullum ake dacewa ba. Saboda firjin nan kaɗai muka sa sola: faranti biyu, batir, da kontirola mai ɗaukar wutar amfa talatin.

Sai autanmu ya zo hutu da tsarabar faranti biyu, wai don Mama ta ƙara fanka a ɗakinta. Shi da abokinsa suka hau suka jona. Muka yi ta sa masa albarka, ba wanda ya tuna da akwatin da ke bayan ƙofa.

Da tsakar rana aka yi ta dukan ƙofar gida kamar za a ɓalle ta. Na buɗe a fusace, sai ga Duba-Sama yana haki, keke a yashe a ƙasa.

"Biyu na bari a kan rufin nan," in ji shi. "Yaushe suka haihu?"

Bai jira amsa ba. Ya yi sallama ya shige, ya kai hannu kan kontirola ya janye da sauri. Sai a lokacin hancina ya kama ƙaurin roba. Ya cire wayar farantan, ya ce wutar amfa hamsin ake ɗura wa akwatin talatin, bakin wayar har ya narke, akwatin ya riga ya mutu. Ba abin da ke shiga batir, abin da ya rage a cikinsa kuwa ba zai kai firjin gobe ba. Mai amfa sittin ake bukata.

Ya zagaye shagunan kayan wuta, babu. Ya dawo, ya sake fita. Ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye, ina buɗe firji ina taɓa kwalaben allura, har ya daka mini tsawa in daina fitar da ɗan sanyin da ya rage. Mama tana kan tabarma tana cewa mu kwantar da hankali. Tsoro ya kama ni sosai.

Rana ta fara karkata sai ga shi da kontirola a hammata, da guntun fenti a gefenta. Ya ɗaura, ya fara jona batir sannan farantai, fitilarta ta kawo kore. Bai ci wa autanmu fuska ba, hawa rufi ya sa shi ya nuna masa yadda ake lissafin. Daga baya matarsa ta ba ni sauran labarin.

"Ina zaune fanka na kaɗawa, sai ga mutumin nan da sukundireba. Ya kwance akwatinmu daga bango ya ce, yi haƙuri, wata ta fi ki bukata. Muka yi ta shan zafi har aka kawo sabo."

Duba-Sama, kai ne mai aikin da ba ya ƙarewa ranar da aka gama shi. Kai ne ka haddace rufin kowa a unguwar nan, ka san wanda ke da biyu da wanda ke da shida. Ba ka taɓa faɗa mana daga bangon ɗakinka ka ciro kontirolar ba.

Bana gwiwarsa ta ce ta gaji, jiri kuma ya fara ɗaukarsa a sama. 'Ya'yansa suka ɗaure tsanin da sarƙa suka ɓoye makulli. Mun gode, Baba Duba-Sama, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka haƙurin zama, ko da yake na san wannan addu'ar sai an dage. Masu aikin hannu, ku riƙa komawa kuna duba abin da kuka haɗa. Mu kuma, kafin mu ƙara faranti, mu tambayi ƙarfin akwatin da zai karɓi wutar.

Ɗazu da safe, ina shirya wa Mama allurarta mai sanyi, na hango shi ta taga, sanda a hannu. Ya tsaya a ƙofarmu, ya ɗaga kai, ya nuna da yatsa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya gyaɗa kai. Kafin in fito masa da kujera ya kai gida na gaba.