Jirgin Sai Gobara

Mahaifina kafinta ne, amma a layinmu ba mai kiransa kafinta. Sai Gobara ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk wanda ya zo ɗaukar gado ko ƙofa, sai Baba ya daki katakon da tafin hannu ya ce, "Je ka, wannan sai gobara." Ba ƙarya yake yi ba. Teburin falonmu ya girme ni, ƙarti biyu ba sa matsar da shi, Umma ta gaji da mita ta koma share ƙarƙashinsa a durƙushe. Inda ƙusa ɗaya za ta isa, Baba uku yake bugawa.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki a shago ya same shi, yana tsaka da yankan katako. A hankali ƙafa ta dawo, baki ya dawo, har da faɗan da muka yi zaton mun huta da shi. Hannun dama ne ya ƙi. Bai mutu ba, dunƙulewa ya yi. In ka sa masa cokali zai riƙe gam, amma sakinsa sai an bi yatsun ana ɓamɓarewa ɗaya bayan ɗaya. Yayana ya rufe shagon, ya ce ba zai zuba ido tsoho mai hannu ɗaya ya koma wasa da zarto ba. Har ya sami wani mai gyaran waya da ke son wurin. Na ji haushin Yaya, na kuma san yana da gaskiya, abin da ya ƙara min haushin ke nan.

"Baba, ranar da hannun nan ya buɗe da kansa, shago naka ne," in ji Yaya. "In kuwa mai waya ya gaji da jira, sai dai ka yi haƙuri."

Baba ya dubi Yaya, ya dubi hannun.

Matar da ke motsa masa yatsu a asibiti, wadda yake kira Soja don ba ta jin wayyo, ita ta ce a samo masa ƙaramin aikin hannu. Ni na je na sayo wani kwali a kantin kayan makaranta. A ciki akwai zane, da siraran sanduna da falle-fallen wani katako mai suna balsa, da gam, da takarda shara-shara. Jirgin sama ne marar inji, wanda ake jefawa iska ta ɗauke shi. Na ɗora masa sanda ɗaya a hannun dama don ya ji rashin nauyinta. Hannun ya rufe, sandar ta zama gari.

"Wa ya cuce ki, 'yar nan? Wannan ai totuwa ce. Ni za ki kawo wa wasan yara?"

Washegari da safe na tarar ya shimfiɗa zanen a kan tebur, ya sa tabarau.

Sai dai Baba ba mutumin da zane zai ba umarni ba ne. Ya ce wanda ya yi shi bai taɓa koyon aiki a hannun kowa ba. Haƙarƙarin fiffike, waɗanda zanen ya ce a jera su tsakaninsu da tazara, ya ninka su. Sandar tsakiya ya cire ta, ya sa ragowar katakon ƙofa. Gam kuwa ya zuba kamar ba gobe, ya gama ya bi da fenti, ya bushe ya ƙara. Ranar gwaji ya tsaya a bakin baranda ya jefa da hagu. Jirgin ya faɗo a gaban ƙafarsa ya fasa robar wankin Umma, shi ko ƙwarzane bai yi ba.

"To, wannan kam sai gobara," in ji Umma, tana tsintar robarta.

Na yi dariya har da riƙe ciki, sai da na ga fuskarsa na haɗiye sauran. Ya daɗe yana juya abin a hannu. Can ya ce, "Laifina ne. Aikin gado na yi masa. Koma ki sayo wata totuwar."

Wannan karon ya bi zanen, yana bi yana ƙunƙuni. Ya kan fara bayan karin safe. Ya jera ƙananan allurai a baki yadda ya saba jera ƙusoshi, ya yi yanka da reza a hannun hagu, ya kafe kowace sanda a kan allo. Da farko hannun dama aikin da ya dace da shi aka ba shi, riƙe katakon samfefa na goge kaushi, tunda riƙo ya iya. Daga baya Baba ya ce wannan cin banza ne. Ya sa shi riƙe haƙarƙari har gam ya kama, sannan ya saki. Nan ne ake yin ta. Daga ɗakin girki muna jin sa yana yi wa hannun faɗa yadda yake yi wa masu koyon aiki a da.

"Saki. Na ce saki, ɗan banza! Ka ga, ka sake karya min."

Karyayyun haƙarƙari suka cika gwangwanin madara, aka zubar, suka sake cikawa. Wata rana na leƙa na ga gumi na ɗiga daga haɓarsa, jijiyar wuyansa ta tashi, duk don ɗan yatsa ɗaya ya ɗaga. Na koma ciki na yi kukana, don da ya gan ni da na sha zagi.

Rufe fiffike da takarda ya fi komai ba shi wuya. Gam kaɗan ake shafawa a gefe, a ja takardar a hankali, in ka matsa ta yage. Da ya gama sai ya aro kwalbar fesa ruwa wajen mai aski na bakin layi, ya fesa. Takardar ta saki ta yamutse, ya ce shi ke nan aiki ya lalace. Tana bushewa sai ta ɗame tsaf, ya ƙwanƙwasa da farce ta yi ƙara, ya yi murmushin da muka daɗe ba mu gani ba. Ɗokin haka ya sa ya kai ɗaya fiffiken rana don ya yi saurin bushewa, ya dawo ya tarar ya murɗe. Bai yi faɗa ba. Ya ɓare takardar ya sake, ya kafe shi a allo cikin inuwa, ya zauna gadinsa kada Umma ta kunna fanka. Da jirgi ya haɗu na ga yana hararar gwangwanin fenti. Ya ɗauko shi, ya auna nauyinsa a hannu, ya tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa.

Ana cikin haka Yaya ya zo da labarin mai waya ya ce ko a ba shi shagon ko ya nemi wani wurin. Baba ya ce mu haɗu a filin ƙwallon bayan makaranta da safe.

Da muka isa filin, na ɗauka da hagu zai jefa. Sai na ga yana cusa cikin jirgin tsakanin yatsun dama.

"Baba, za ka murƙushe shi," na ce. "Duk wahalar nan?"

"In na jefa da hagu, me na nuna wa yayanki?"

Ya kai hannu baya ya kawo gaba. Hannun bai saki ba. Jirgin ya biyo shi ƙasa, jelarsa ta bugi cinyar Baba, muka ji ƙas, takardar ciki ta loɓa a inda yatsun suke. Yaya ya matso.

"Baba, ya isa haka. Don Allah."

"Koma inda kake."

Baba ya sake gwadawa, hannun ya sake ƙi. Ya tsaya yana haki. Wannan karon bai zagi hannun ba, ya sunkuya ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ban ji me ya ce ba. Ya ɗaga, ya tako ƙafa ɗaya gaba, ya tura a hankali.

Jirgin ya bar hannunsa. Ya ɗan sunkuya kamar zai ci ƙasa, iska ta shiga ƙarƙashinsa ta tallafe shi, ya miƙe shiru a saman ciyawa, rana na ratsa takardar har ana ganin haƙarƙarin. Bai yi wani nisa ba, ya sauka kafin tsakiyar fili ya kwanta a gefe ɗaya. Umma ta dafe ƙirji. Ni ina ta ihu kamar yarinya.

Da na waiwayo, Baba ba jirgin yake kallo ba. Hannunsa na nan a miƙe, yatsu biyar a buɗe suna karkarwa. Ya juya shi wajen Yaya.

"Makulli. Yi sauri, ba zai daɗe ba."

Yaya ya shiga lalube aljihu, hawaye sun hana shi gani, ya fito da na mota, ya mayar, ya fito da na shago ya ɗora a tafin. Yatsun suka rufe a kai gam, yadda suka saba.

"Yauwa," in ji Baba. "Yanzu mai waya ya zo ya ɓamɓare."