Mazaunin da Mijin Yayata Ya Yi wa Zartona

Mijin yayata mai walda ne, ko in ce haka aka rubuta a ƙofar shagonsa. Mutum ne mai ƙaton ciki da ƙaramin tunani, irin wanda in ya liƙa ƙarfe biyu sai ya ja da baya, ya riƙe ƙugu, yana jiran yabo. A shagonsa na koyi aiki, can gangaren Haɗeja wajen kogi, kuma a nan ƙuruciyata ta ƙare ina gurzar rodi da zarton hannu har tafina ya yi kanta. Shi ke karɓar aiki, ni ke yi, shi ke shan sannu.

Shekarar da shinkafata ta fadama ta yi kyau, na sayar da ita, na haɗa da ɗan bijimina, na tafi Kano na sayo injin zarto na yankan ƙarfe. Ba sabo ba ne, amma lafiyarsa lau. Ruwan zarton doguwar ɗamara ce mai haƙora da ke zagayawa, ka sa mata bututu ta ratsa shi salin alin. Wannan inji shi ne hanyar fitata daga hannun mutumin nan. Na riga na sami ɗan fili a tudu kusa da kasuwa, inda masu amalanke da masu injin ban ruwa ke neman mai yanka musu ƙarfe. Rufi kawai ya rage. Kafin nan sai na sauke injin a shagonsa, don ba ni da wani wurin.

Inji irin wannan ba ya aiki a ƙasa, sai da mazauni. Na yanka ƙarfe mai kusurwa, na tsara ƙafafu huɗu masu ɗan buɗewa ta ƙasa don kada ya yi rawa, da ƙarafan tokare a tsakani. Na huda ramukan noti a sama. A gefe na tanadi zobba, inda za a zura sanduna a ɗauka. Wannan ba wata dabara ba ce tawa. Kowa a gangare haka yake yi. In marka ta yi nisa, aka sako ruwa daga madatsa, doguwar ciyawar kacalla ta toshe masa hanya, kogi cikin unguwa yake shigowa. Shi ya sa mai niƙa ma da noti yake ɗaure injinsa, mai shago ba ya kafe kanta. Abin da duk ka mallaka, ka yi shi yadda zai hau kafaɗa.

Ban gama haɗawa ba aka yi mana rasuwa a Miga, na tafi zaman makoki. Da na dawo, tun daga bakin titi na hango mijin yayata yana washe baki.

"Ƙanina, zo ka ga aikin manya! Waɗancan tsinkayen da ka yanka na jefa su baya."

Na shiga. Innalillahi! Ya samo guntayen sasin wata matacciyar babbar mota ya yi ƙafafu da su. Ya haƙa daɓen shagon, ya binne su, ya kwarara kankare. Ya ɗora injina, ya ɗaure notukan, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da walda ya kashe. Bai tsaya nan ba, sai da ya kewaye kwayil ɗin injin, wanda wuta ke juyawa, da kejin rodi, wai saboda ɓarayi. Ya shafe komai da koren fenti, har da wani ɗan fure na ƙarfe a gaba, irin na ƙofar gidan sabon kuɗi.

Na ce, "Maigida, in ruwa ya zo fa?"

Ya bushe da dariya, ya kira maƙwabta su ji. "Kun ji ɗan banza! Na yi masa abin arziki yana yi mini fatan tsiya."

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Tsakanin ƙanin mata da mijin ya akwai wasa, kowa ya sani. To shi gogan ya mai da wannan wasa garkuwa. Duk maganar da na faɗa da gaske, sai ya kwashe da dariya ya ce tsokana ce. Na ce zan sa giranda in yanke notukan, ya ce, "Taɓa ka gani, in kora maka yayarka gida," yana ƙyaƙyatawa, jama'a na taya shi. Ni kuwa na ga idonsa, babu dariya a ciki. Ya san sarai abin da ya yi. Injin da aka binne a daɓensa ba zai tafi tudu ba, mai injin ma haka.

Na kai ƙara wurin yayata. Ta riƙe hannuna ta ce, "Don Allah ɗan'uwana, ka bari kaka ta yi. Kar ka tona mini asiri da damina." Na bari, saboda ita.

Ruwan ya zo da hantsi, ran wata Laraba. Jingar bayan unguwa ta ɓalle, muka ji ihu, kafin mu ankara ya rufe idon sawu. An ɗauke wutar lantarki. Na ruga neman janareta don in tada giranda, ashe jarumin ya riga ya ɗora shi a amalanke tare da ƙofofinsa masu fure, ya yi tudu, ko waiwaye babu. Mai niƙa ya wuce ta ƙofarmu, shi da 'yan'uwansa, injinsu a kafaɗa, ya leƙo ya ce, "Kai, fito mana!"

Ban fita ba. Na sa sifana, noti ya ƙi. Na sa guduma da kurfi, ƙarfe na tsalle yana dawo mini. Na ɗauko tsohon zarton hannuna na durƙusa cikin ruwa ina gurzar sasin mota kamar mahaukaci, ga injin da zai ratsa shi cikin ƙiftawar ido zaune a kansa, ba wuta. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ina kallo ya shiga kejin, ya rufe kwayil. Wani mai kwalekwale ne ya finciko ni ta wuyan riga, ina kuka wiwi, ban ji kunyar kowa ba.

Sai da kaka ta kusa ruwan ya janye. Muka buɗe shago, wari ya buge mu. Laka ta cika injin har maƙogwaro, ruwan zarton ya zama jan tsatsa, ka taɓa ya karye. Mai gyaran kwayil ya zo ya duba, ya girgiza kai ya yi tafiyarsa. Filin tudu kuwa, mai shi ya ba wani.

Mijin yayata ya zagaya mazaunin, ya kankare laka da farce, ya sa ƙafa ya tokare shi da ƙarfi. Sai ya juyo, fuskarsa fal alfahari, wallahi ko ɗigon kunya babu.

"Ka gani ko? Ruwa har wuya, amma ko gezau bai yi ba. Wannan shi ne aiki." Ya nuna tarin rodin da aka kawo yanka a bakin ƙofa. "Ga na Alhaji can, gobe zai aiko a ɗauka. Ka san inda zarton hannunka yake."

Na san inda yake. Na je na ɗauko.