Rariyar Gidanmu na Gashuwa

Shekarun baya, tun ana cefane da ahu da sisi, muna zaune a Nguru ni da maigidana, a ɗaki guda cikin gidan wani attajiri da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Sana'ar maigida sayen fata da bandar kifi, ya ɗaure ya sa a jirgi a kai Kano. Da yake yawancin kayan daga Gashuwa suke fitowa, kullum yana bisa hanya, sai ya ga gara mu koma can gaba ɗaya. Ya samu fili a gefen gari, ta inda ƙasa ke gangarawa kogi, ya yi ta gini a hankali har ya kai ga rufi. Ni ban taɓa ganin gidan ba, sai dai labari. Amma a zuciyata na riga na jera kwanukana a cikinsa ya fi a ƙirga.

Ana gab da tashinmu sai kurkunu ya fito masa a ƙafa. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah ya raba mu da shi. Tsutsa ce doguwa kamar zare, takan kwantar da ƙato wata da watanni, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan. Ga shi mai gidan da muke ciki ya riga ya sa ranar auren ɗansa, ɗakinmu kuma za a kawo amarya. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Gidan ƙasa kuwa in damina ta same shi ba a ƙarasa ba, kowa ya san yadda ake ƙarewa.

Maigida ya roƙi mahaifiyarsa ta je ta duba abin da ya rage, ni kuma in raka ta. Ya ce ai aikin bai taka kara ya karya ba, ƙyaure ne ba a sa ba, sai indararo, sai daɓen ɗakuna. Da na zo yi masa sallama ya ja min kunne a kan abu ɗaya. Maƙwabcinmu na gabas, wani masunci Babade, ɗan asalin garin, sun yi rigima da shi tun ana haƙa tushen katanga. Mutumin ya ce an ci masa taku ɗaya, har aka je gaban mai unguwa, kuma tun daga ranar ko gaisuwa ba sa yi. Ya ce kada in shiga gidansa, kada in nemi ko tsinke a wurinsu. Na ce to.

Surukata Bamanga ce mai jin Barbarci, doguwa, ba ta da yawan magana. Ina kiranta Iya, ina kuma jin kunyarta ƙwarai, ko abinci ban taɓa ci a gabanta ba. Haka muka shiga bayan wata babbar mota da ke ɗauke da gishiri, muna tafe tana kafewa a rairayi, maza su sauka su tura, har muka isa Gashuwa jikinmu duk ya yi tsami. Muka sauka gidan wata 'yar'uwarta.

Da safe aka kai mu gidan. Zaure ne, da soro biyu, da madafa, da tsakar gida mai faɗi. Ni ina shiga na wuce ɗakin da aka ce nawa ne, na tsaya ina auna bango da hannu, nan gado, nan jere, nan adaka. Har na fara ɓacin rai wai tagar ta yi sama da yawa. Ita kuwa Iya ba ta ko kalli taga ba. Ta bi bango tana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, ta tsaya tsakiyar kowane ɗaki ta ɗaga kai tana duba azara ko za ta ga haske, ta leƙa salga, ta taka dokin ƙofa da ƙafa. Daga nan ta ce in miƙo mata buta. Na ɗauka alwala za ta yi. Sai ta tsiyaye ruwan a tsakar gida ta tsaya tana kallonsa. Ruwan ya miƙe siriri ya nufi gabas, ya je gindin katangar da ke tsakaninmu da masuncin ya tsaya.

Ta ce, "'Yar nan, zagaya ki nemo min rariya."

Na zagaya gidan kaf, ina sunkuyawa gindin kowace katanga. Babu rariya. Gidan a rufe yake ruf kamar kwatarniya.

Aka aika wa magini, wanda ya riga ya koma gonarsa a Katuzu yana sharar gona. Washegari ya zo a kan jaki. Ya ɗora indararo ya liƙe su da makuba, wato kwaɓin ɓawon ɗorawa mai hana ruwa shiga, ya kafa ƙyaure, ya toshe wata tsaga a bayan madafa. Da Iya ta tambaye shi rariya, ya sosa ƙeya. Ya ce ba mantuwa ba ce. Ƙasar gidan gabas ta karkata, in zai huda sai dai ya huda cikin gidan masuncin, shi kuwa ba zai sa hannunsa tsakanin mutum biyu da ba sa magana ba. Ya faɗa wa maigida tun tuni, maigida ya ce a bari zai yi tunani, sai ciwo ya zo. Dabarar da ta rage ita ce a yi ta zubo ƙasa da jakuna a cike tsakar gidan, a juyar da ruwan ya fita ta gefen zaure. Ya ce zai nemo masu jakuna, amma sai bayan kasuwa. Iya ta dubi sama ta ce Allah ya kai mu.

Kafin nan muka shiga daɓe. Daɓe aikin taro ne, mace ɗaya ba ta yin sa. 'Yar'uwar Iya ta gayyato matan unguwa, suka zo da madaɓansu, aka baza tsakuwa, aka yayyafa ruwa, aka durƙusa ana bugu ana waƙa da Badanci. Ni ban jin ko kalma, amma na yi ta amshi da abin da kunnena ya kama, su kuma suna ta dariya. Daga baya aka gaya min abin da nake faɗa ba shi da ma'ana a kowane harshe. Matar masuncin ba ta zo ba. Sai dai duk lokacin da aka kai amshi, nakan ji wata murya daga bayan katanga tana bi a hankali. Iya ta miƙe ta je jikin katangar ta gaishe ta, ta tambaye ta yara. Da ta ga na zaro ido sai ta ce ni aka hana, ita ba wanda ya hana ta.

Ranar da aka gama daɓe, bayan la'asar, mata sun watse, saura ni da Iya muna shafa ruwan makuba a ɗaki na biyu. Sai muka ji gari ya yi tsit. Na leƙo na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso, kafin mu kwashe tabarmi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Indararon da muke murna an sa su ne suka fara yi mana aiki. Duk ruwan da ya sauka a kan soro biyu da zaure suka tattaro suka zubo tsakar gida. Nan da nan ƙasa ta ɓace. Ruwa ya rufe idon sawu, ya kama hanyar ƙwauri, ya fara lasar dokin ƙofar ɗakin da muka gama daɓewa. Ni a ruɗe na ɗauki ƙwarya ina kamfata ina gudu zaure ina watsarwa waje. In na tuna yanzu dariya nake yi, kamar mai kwashe kogi da ludayi. Iya ba ta taya ni ba. Ta kama hannuna ta nuna min gindin katangar gabas, inda ruwan ya fi zurfi. Shafen ya jiƙe ya fara zubowa gunduwa-gunduwa, tubali ya bayyana. Nan na gane ba daɓe ne abin tsoro ba. In katangar ta zauna za ta ja kusurwar ɗakina, domin jikinta aka ɗora shi. Na tuna mutumin da na baro kwance a Nguru, da wahalar da ya sha, da ɗakin da za a karɓe mana a can.

Iya ta shiga ruwan har gwiwa ta je jikin katangar ta ɗaga murya tana sallama, da Hausa, da Barbarci. Ƙarar ruwa ta danne ta. Ta sake. Ba amsa. Na ce a raina shi ke nan, masuncin yana ji, ramuwa ce ta zo masa har gida.

Can sai na ji wata ƙara daga ƙasa, dum, dum, kamar ana daka. Na sa tafin hannu a katangar na ji tana amsawa. Ashe shi bai tsaya amsa sallama ba, sungumi ya je ɗaukowa. Jim kaɗan bakin ƙarfen ya ɓullo ta wajenmu, ruwan ya yi wata irin juyawa ya fara tsotsewa ta ramin.

Muryarsa ta zo daga can, da Hausarsa mai nauyi, ya ce, "Ku buɗe ta wajenku! Ƙasa-ƙasa, kada ku yi sama!"

Na durƙusa cikin ruwan da guntun madaɓi, ina tona ina yakucewa da farce, Iya tana janye laka. Kunyar suruka duk ta tafi, har kanmu yana karo. Ramin ya buɗe, ruwan ya kwarara cikin gidan mutumin da aka ce ko tsinke kada in nema a wurinsa. Ina jin matarsa da 'ya'yansa suna kiran juna suna kwashe kaya. Kafin ruwan sama ya tsagaita, tsakar gidanmu ta koma laka kawai, katanga tana tsaye.

Da aka ɗauke ruwa masuncin ya zagayo zaure ya yi sallama. Ni ina daga ciki ina leƙe. Gajeren dattijo ne, jiƙe sharkaf, laka har gemu. Iya ta fara yi masa godiya, ya katse ta. Ya ce ruwan ya bi ta kan murhun bandarsa ya kashe wuta, itacensa ya jiƙe, kifin ranar sai dai a ci a gida. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin kasuwa, ba da fushi ba. Iya ta ce Allah ya mayar da alheri, ɗanta zai ji.

Ya ce, "Iya, katangar nan in ta faɗi, a kan 'ya'yana za ta faɗi. Ki gaya wa ɗanki taku ɗayan nan har yanzu nawa ne, ban bar masa ba. Amma maganar ruwa daban."

Washegari shi da kansa ya fafe guntun goruba ya zura a ramin, ya ja lambatu ta gefen gidansa har lungu. Magini ya dawo ya ɗaure gindin katangar, ya gyara kusurwa guda da ta ɗiga a zaure, ya fere ƙyauren da ya kumbura ya ƙi rufuwa. Ruwan ya nuna mana duk abin da idonmu bai gani ba. Daɓen bai lalace ba, sai ɗan bakin ƙofa, matar masuncin ce ma ta zo da madaɓinta muka gyara tare.

A hanyar komawa Nguru ina ta saƙe-saƙe, don ban san yadda maigida zai ɗauki zancen ba. Iya ta ce in bar mata. Ta zauna bakin gadonsa ta faɗa masa tiryan-tiryan, har da saƙon taku ɗaya. Ya dubi ƙafarsa. Sannan ya tambaya ko kifin da ya ɓaci yana da yawa.

Muka tare kafin ranar auren, shi a kwance bisa buhuna a bayan mota. Da aka sauke shi bai shiga gidansa ba. Ya dogara sanda ya ɗingisa ƙofar maƙwabcin ya yi sallama. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, bai kuma taɓa gaya min ba. Ba zan ce sun zama aminai ba. Har suka tsufa in an zauna hira sai ɗaya ya tayar da zancen iyaka, ɗaya ya ce a je a auna. Amma a gidan nan na haifi 'ya'yana duka, matar masuncin ce kuma ta yi min wankan jego na fari.

Yanzu dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. In jikokina suka yi gini suka kira ni in sa albarka, sukan ja ni su nuna min fenti da tayil, ni kuma in tambaye su wa ke bayan katanga, kuma ko sun gaisa. Suna ɗauka tsufa ne. Ni dai na san rabin gidan mutum a hannun maƙwabcinsa yake, ko suna shiri ko ba sa yi. Har yau in ruwan farko ya sauka ina zaune a ɗaki, nakan kasa kunne, ba na sakewa sai na ji yana fita.